Kobalt a Sito, Bashi a Banki: Yadda Jinkirin Fitar da Kaya Ke Cin Jarin Kamfanonin Haƙar Ma'adinai a Kwango

Ranar 22 ga Fabrairun 2025 hukumar ARECOMS, wadda ke kula da kasuwar muhimman ma'adinai a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ta dakatar da fitar da kobalt, ƙarfen da ake haɗa batir da shi, daga ƙasar na wata huɗu. Wata huɗun suka cika aka ƙara uku, aka sake ƙara 'yan makonni, ba a janye dokar ba sai 16 ga Oktoba. Ko a ranar ma ba wangale ƙofa aka yi ba, tsarin kaso aka kawo: tan 18,125 ga duk kamfanoni na sauran watannin 2025, sannan tan 96,600 a shekara na 2026 da 2027. Ƙasar da ta haƙo sama da tan 200,000 a 2024 ke nan ta ce ƙasa da rabin abin da take haƙowa ne zai riƙa fita.

Farashi ya amsa nan da nan. Lokacin da aka rufe ƙofar, laba ɗaya ta kobalt tana wajen dala 10, kusan dala 22,000 kan kowane tan, faɗuwar da rabon a ga irinta an yi shekara tara. Kafin ƙarshen 2025 tan ya haura dala 50,000. Wanda ya tsaya kan wannan lissafin kaɗai zai ɗauka masu haƙar kobalt kakarsu ta yanke saƙa. Amma farashin na kayan da suka isa hannun mai saye ne a Sin ko Turai. Buhun da ke jibge a harabar kamfani a garuruwan haƙar ma'adinai na Fungurume ko Kolwezi, ƙarƙashin tamfol, ko sisi bai kawo ba tukuna, kuma kullum gari ya waye akwai abin da yake ci. Tazarar da ke tsakanin tan ɗin da aka haƙo da tan ɗin da aka bari ya fita, nan haɗarin jari yake a wannan sana'a, kuma shi ne wurin da mafi yawan masu sayen hannun jari ba sa leƙawa.

Dalilin gwamnatin Kinshasa ba ɓoyayye ba ne. Kasuwa ta cika ta batse, kuma kamfani ɗaya ne ya fi kowa cika ta. CMOC na ƙasar Sin, wanda ya sayi kaso mafi tsoka na mahaƙar Tenke Fungurume daga Freeport-McMoRan a 2016 kan dala biliyan 2.65, sannan ya ƙara da mahaƙar Kisanfu a 2020, ya haƙo kobalt kimanin tan 55,000 a 2023, ya ninka zuwa kimanin tan 114,000 a 2024. Tun da dokar ma'adinai ta 2018 ta sa kobalt cikin ma'adinai masu muhimmanci, gwamnati na karɓar kashi 10 cikin 100 na darajar abin da aka sayar. Kashi goma na dala 80,000, farashin tan a farkon 2022, daban yake da kashi goma na dala 22,000. Ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya ke fitowa daga cikinta tana da ikon matse kasuwa, sai ta matse.

Mai karatu zai ce, to in ba a fitarwa, me ya hana a daina haƙowa? Amsar tana cikin dutsen kansa. A yankin tagulla na Katanga, wato jihohin Lualaba da Haut-Katanga na yanzu, ba a cika haƙa rami don kobalt shi kaɗai ba. Tagulla ake nema, kobalt ɗan rakiya ne. Ana niƙa dutsen, a jiƙa shi da asid ɗin farar wuta, a ƙara wani sinadari da ke taimaka wa kobalt ya narke, tagulla da kobalt su shiga ruwa tare. Sai a tsame tagullar, a bi da ita ta wutar lantarki ta fito faranti-faranti. Ruwan da ya rage shi ke ɗauke da kobalt. Ana ɗibar wani sashe nasa a zuba farar ƙasa don baƙin ƙarfe da alminiyom da manganis su kwanta, sannan a zuba garin magnesiya, kobalt ya kwanta kamar ƙullu, a tace, a matse, a busar, a ɗura a manyan buhuna masu cin kusan tan guda. Wannan garin, wanda kobalt ɗin cikinsa ke kaiwa kashi 30 zuwa 40 cikin 100, shi ake aikawa matatun Sin, inda ake tace wajen kashi uku cikin huɗu na kobalt ɗin duniya. Muddin tagulla na tafiya, kuma a 2025 ta yi tsadar da ta wuce dala 10,000 kan tan, babu manajan da zai kashe injin niƙa saboda ɗan rakiya ya rasa takardar fita. Abin da zai iya kaɗan ne: ya karkata haƙa zuwa ɓangaren ramin da kobalt bai yi yawa ba, ko ya kwantar da kobalt ɗin a tafkin ajiya ba tare da ya kammala sarrafa shi ba, ya jira. Glencore, babban kamfanin haƙa da cinikin ma'adinai na Switzerland, ya bayyana cewa zai fifita tagulla a kan kobalt a mahaƙunsa na Kamoto da Mutanda. Kowace dabara da tsadarta, domin abin da aka tura tafki sai an sake kashe kuɗi kafin a dawo da shi, kuma ba duka ke dawowa ba.

A ɗauki misali don a ga girman abin. Kamfani ne mai fitar da tan 1,000 na kobalt a wata, garinsa na ɗauke da kashi 35 cikin 100. Kowane wata zai tara busasshen gari kusan tan 2,860, lodin tirela 95 ke nan in kowace ta ɗauki tan 30, in kuma da sauran danshi a garin tirelolin su haura ɗari. Wata takwas na dakatarwa sun ba shi buhu kusan 23,000. An riga an biya asid da magnesiya da farar ƙasa, an biya kamfanin wuta na SNEL ko an ƙona dizal lokacin da aka ɗauke, an biya albashi. Masu saye ba sa biyan cikakken farashin ƙarfe a kan gari, wani kaso suke biya saboda sauran aikin tacewa na wuyansu. In aka ce kashi 60 cikin 100 na dala 22,000, tan ɗaya na kobalt da ke cikin gari dala 13,200 ne, tan 8,000 kuwa sun kai dala miliyan 105 da ɗoriya. Kuɗi ne da suka kwanta. In da bashin banki aka cike gurbinsu kan ruwa kashi 10 a shekara, riƙe wannan tulin shekara guda zai ci sama da dala miliyan 10, ban da inshora da gadi da gina sabon sito.

Kobalt ba albasa ba ne, ba ya ruɓewa, shi ya sa wasu ke ganin ajiyarsa ba asara. Amma buhun roba ne, rana na cinye shi, damina kuma a Katanga tana kamawa daga wajen Nuwamba har Afrilu. Buhun da ya shekara a fili sai ka ɗaga shi da injin lodi hannunsa ya tsinke. Garin ya sha danshi ya dunƙule, nauyinsa ya canza, sakamakon gwajin da aka yi masa bara ya daina aiki. Dole a sake ɗurawa, a sake awo, a sake ɗibar samfuri. Kaya masu tsada da aka jibge wata da watanni kuma ba sa rasa masu yi musu ɗauki ɗai-ɗai.

Akwai bambancin da ya kamata mai zuba jari ya riƙe da kyau, domin toshewar hanya iri biyu ce, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ke faɗa wa kamfani ɗaya, akwai wadda ke rufe ƙasa baki ɗaya.

Ta farkon ita ta sami Tenke Fungurume a 2022. CMOC na da kashi 80 cikin 100 na mahaƙar, kamfanin gwamnati Gécamines na da 20. Gécamines ya zargi abokin hulɗarsa da rage ƙiyasin ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa don ya kauce wa ƙarin kuɗin da yarjejeniyarsu ta ɗora a kan kowane tan da aka gano. A Fabrairun 2022 wata kotu a Lubumbashi ta naɗa wa mahaƙar shugaban riƙo, daga Yuli kuma aka hana kayanta fita, tagulla da kobalt duka. Aiki bai tsaya ba, kaya suka yi ta taruwa har aka ƙiyasta darajarsu da sama da dala biliyan ɗaya. Sai a Afrilun 2023 aka sasanta, CMOC ya amince zai biya dala miliyan 800 tsakanin 2023 da 2028, da rabon riba na aƙalla dala biliyan 1.2 tsawon rayuwar aikin. Abin lura shi ne yadda farashi ya yi a tsakani. Kasuwa ba ta rasa kaya ba, saboda maƙwabta na ta lodi, Indonesiya ma na ƙaro nata. Tan ɗin da ya haura dala 50,000 lokacin da aka rufe ƙofar ya dawo wajen dala 35,000 lokacin da aka buɗe. Kamfanin ya riƙe kaya wata tara da ɗoriya, ya sayar da arha, ya biya kuɗin sulhu, sannan tulin da ya saki ya ƙara danne farashin da yake sayarwa a kai. Duka uku a wuri ɗaya.

Irin wannan toshewar ba lallai sai rigima da gwamnati ke kawo ta ba. A Nuwamban 2018 mahaƙar Kamoto ta Glencore ta dakatar da fitar da kobalt saboda an sami yuraniyom a garin fiye da adadin da tashoshin jiragen ruwan yankin ke yarda ya wuce. Ƙasar Katanga da ma tana da yuraniyom, tsohuwar mahaƙar Shinkolobwe a can take. Sai da aka shiga neman hanyar tsame shi, kafin kayan su koma fita sosai kuwa farashin da ya haura dala 40 kan laba a farkon 2018 ya riga ya zube ƙasa da rabi. Sakamakon gwaji ɗaya ya isa ya tsayar da lodin watanni.

Toshewar 2025 ta ƙasa ce baki ɗaya, shi ya sa farashi ya tashi, kayan da ke sito ma darajarsu ta ƙaru a takarda. To amma nawa ne za su fita? A koma ga kamfanin misalinmu mai tan 12,000 a shekara. Kafin dakatarwa yana sayar da duka kan dala 13,200, ya sami kusan dala miliyan 158. Yanzu a ce an ba shi kaso daidai da abin da CMOC ya samu, wato kimanin tan 31,000 a 2026 a kan tan 114,000 da ya haƙo a 2024, kashi 27 cikin 100 ke nan. Zai fitar da tan 3,250. In matatun Sin sun matsu har suna biyan kusan cikakken farashi, a ce dala 50,000, zai sami dala miliyan 162. Kuɗin shiga bai canza ba sosai. Sai dai har yanzu yana kashe kuɗin sarrafa tan 12,000, kuma kowace shekara tan 8,750 na ƙaruwa a sito, a kan tan 8,000 na lokacin dakatarwa. Da irin wannan kason, kwantan wata takwas ɗin nan shi kaɗai zai ci fiye da shekara biyu kafin ya ƙare, ko da bai sake haƙo ko da tan ɗaya ba. Wanda kasonsa ya kusa kai abin da yake haƙowa shi ya ci ribar tsarin. Wanda ya faɗaɗa aiki kwanan nan shi ya kwana ciki, domin an raba kason ne bisa abin da kowa ya fitar a shekaru ukun da suka gabata. Kisanfu bai fara aiki ba sai 2023, Tenke kuma a rufe take a wani sashe na waɗancan shekarun, wato rigimar 2022 ta dawo ta sake cizon CMOC ta bayan gida.

Kaso a takarda kuma daban, tirela a hanya daban. An buɗe tsarin ranar 16 ga Oktoba, amma makonni suka yi ta wucewa babu lodin da ya tashi, saboda ba a gama tsara yadda za a aiwatar ba. Da ƙa'idojin suka fito sai ga matakai: kamfani ya sanar da hukuma lodin da yake son fitarwa, a haɗu a ɗebi samfuri, a auna, a buga wa buhuna hatimi, hukumar CEEC ta yi gwaji, a tabbatar bai wuce kasonsa ba, ya biya harajin kashi 10 cikin 100 tun kafin kaya su motsa, sannan kwastan su saki. Wannan biyan na gaba ba ƙaramin abu ba ne. Tirela ɗaya mai busasshen gari tan 30 tana ɗauke da kobalt tan 10.5, darajarsa dala 525,000 a farashin misalinmu, harajinta dala 52,500. Tirela ɗari, dala miliyan biyar da kwata, daga aljihun kamfanin da ya yi wata takwas bai sayar da ko buhu ɗaya ba. In kuma gwajin hukuma ya ce kashi 37, na kamfani ya ce 35, na mai saye a Sin ya ce 34, sai a shiga jayayya, domin kowane maki yana taɓa haraji, yana taɓa yawan kason da aka cinye. Jinkirin ya kai har hukuma ta ƙara wa'adin amfani da kason ƙarshen 2025 zuwa cikin 2026. A ƙa'idar tsarin, kason da ba a yi amfani da shi ba yana iya suɓucewa ya koma asusun da hukumar ta ware wa kanta, mai tan 9,600 a shekara. Ke nan jinkirin da ba kai ka jawo ba na iya cinye haƙƙinka.

Bayan takarda sai hanya. Daga Kolwezi a bi Likasi da Lubumbashi zuwa kan iyakar Kasumbalesa, inda layin tireloli kan miƙe kilomita da yawa, direbobi su yi kwanaki suna girki a gindin mota. Daga nan a ratsa Zambiya zuwa Darussalam ko Beira ko Walvis Bay, ko Durban mai nisan kusan kilomita 3,000. Layin dogo na Lobito ta Angola ya fi kusa, amma abin da yake ɗauka bai taka kara ya karya ba tukuna. Daga ƙofar mahaƙa zuwa matata a Sin ana cin wata biyu zuwa uku. Idan kowa ya sami takarda a mako ɗaya sai a yi rububin tireloli, kuɗin mota ya tashi. Mai zuba jari da ya ji an ce an ɗage takunkumi ya ƙara aƙalla wata uku a lissafinsa kafin ya sa ran ganin kuɗi a asusu.

Sai alkawuran da ke wuyan kamfani. Mafi yawan kobalt ba a kasuwar yau-da-yau ake sayar da shi ba, da kwantiragin shekara ko shekaru ake sayarwa. Da aka rufe ƙofa, masu sayar da kayan ERG, wani babban kamfanin haƙar kobalt a Kwango, da Glencore, daga baya kuma IXM, reshen kasuwancin CMOC, sun fake da sashen kwantiragi da ke ɗauke wa mutum alhaki idan abin da ya fi ƙarfinsa ya hana shi cika alkawari. Wannan sashen yana hana mai saye ya kai ka ƙara kan rashin kawo kaya. Ba ya hana banki neman kuɗinsa. Ƙananan kamfanoni da yawa da kafin alƙalami suke gina masana'anta: ɗan kasuwa ya ba da kuɗi a gaba, a riƙa biyansa da kaya wata-wata. Kaya suka tsaya, bashi ya koma na tsabar kuɗi, ruwa na hawa. Bankuna kuma suna sa sharaɗin kada bashi ya wuce ninki kaza na ribar aiki. Wata uku ko shida ba ciniki sun isa su karya wannan sharaɗin, daga nan banki na da ikon ya ce a biya shi duka yanzu, ko ya ƙara ruwa, ko ya hana rabon riba. Chemaf, wani kamfanin haƙar tagulla da kobalt a Katanga, ya nuna inda irin wannan ginin ke kaiwa tun ma kafin dakatarwar. A 2022 kamfanin cinikin ma'adinai Trafigura ya shirya masa bashin dala miliyan 600 don aikin mahaƙun Mutoshi da Etoile, kuɗin gini ya zarce ƙiyasi, farashi ya faɗi, aka sa kamfanin a kasuwa. Da aka sami mai saye daga Sin a 2024, Gécamines, wanda lasisin Mutoshi nasa ne, ya ce bai yarda ba. Masu bin bashi suka rasa gaba suka rasa baya.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma mai taka-tsantsan yake kamawa. Kamfanin da ya ji tsoron faɗuwar farashi yakan kulle farashinsa a kasuwar cinikin gaba, misali a kasuwar CME ta Amurka, ya sayar da laba a takarda kan dala 11 ko 12. A lokacin lafiya, in farashi ya tashi, asarar takarda sai ribar kayan gaske ta goge ta. Amma in farashi ya ninka alhali kayan gaske na kulle a Lualaba, kasuwar na neman a ƙaro kuɗin ajiya kullum, da tsabar dala, kayan da za su biya kuwa ba su da ranar fita. Garkuwar ta koma mashi.

Wanda zai karanta rahoton irin wannan kamfani, kada ya tsaya a shafin farko inda ake shelar an kafa tarihi wajen haƙowa. Ya nemi layuka biyu, abin da aka haƙo da abin da aka sayar, ya cire ɗaya daga ɗaya. Ko adadin sayarwar ma yana iya ruɗarwa a watannin farko, domin babban kamfani na da kaya a sito a Zambiya ko Durban ko Malesiya da kan teku, yana ci gaba da sayar da su da sabon farashi har su ƙare, sai a rubu'i na uku ko na huɗu ramin ke bayyana. Ya duba ko kayan da ke ajiye suna cikin Kwango ko wajenta, domin na waje kuɗi ne, na ciki fata ne. Ya kwatanta ribar da aka rubuta da kuɗin da suka shigo hannu daga aiki. Ƙa'idar akanta ta ce a rubuta kayan ajiya da mafi ƙanƙantar biyu, kuɗin da aka kashe a kansu ko abin da za su kawo in an sayar, don haka tsadar kasuwa ba ta shiga littafi sai an sayar, faɗuwa kuwa nan take take shiga. Kuɗin sarrafa abin da ba a sayar ba ana jingine shi a kan kayan, ba ya bayyana a matsayin asara, shi ya sa riba kan yi kyau alhali asusu na bushewa. Sannan ya lura da kuɗin haƙo tagulla da kamfanin ke alfahari da shi. Al'adar sana'ar ita ce a cire kuɗin da kobalt ya kawo daga kuɗin haƙo tagulla, sai tagullar ta fito da arha. Ranar da kobalt ya daina fita, wannan ragin ya tafi, mahaƙar da ake kira mai arha ta koma tsaka-tsaki.

A nan ne girma ke raba gardama. CMOC ya haƙo tagulla kimanin tan 650,000 a 2024, kuma a 2025 ba a hana tagulla fita ba, shi ya sa ribarsa ta ƙaru duk da kobalt na kulle. Glencore na da kasuwanci da mahaƙu a nahiyoyi da dama. Waɗannan suna iya zama a kan kwantai shekara biyu ba su girgiza ba. Kamfani mai rami ɗaya, wanda kobalt ke kawo rabin kuɗinsa, ga bashin gini a wuya, labarinsa daban ne ko da dutsensa ya fi na kowa kyau. A ganina wannan ita ce tambayar farko da za a yi wa kowane kamfani a wannan fage: in an rufe ƙofa gobe, wata nawa zai iya biyan albashi da banki da kuɗin tagulla kaɗai? Wanda amsarsa ba ta kai wata goma sha biyu ba, hannun jarinsa caca ce a kan alƙalamin wani jami'i a Kinshasa.

Gwamnatin kuma ba alƙali kawai ba ce a wannan wasa. Ita ce mai ba da lasisi, ita ce mai karɓar haraji, ita ce abokiyar tarayya ta hannun Gécamines, ita ce kuma mai sayar da kobalt da kanta ta hannun kamfanin EGC da aka kafa a 2019 don kayan masu haƙar gargajiya. Dokar 2018 ta rage wa'adin da ake ba kamfani tabbacin ba za a canza masa haraji ba daga shekara goma zuwa biyar, ta sa harajin kashi 50 cikin 100 a kan ribar da ta wuce kima idan farashi ya zarce na ƙiyasin aikin da kashi 25, ta kuma wajabta dawo da kashi 60 cikin 100 na kuɗin da aka sayar zuwa cikin ƙasa. Tsadar da takunkumi ya kawo tana iya tayar da wancan harajin. Mutanen Nijar sun ga yadda kayan da suka maƙale kan canza ma'aunin ƙarfi tsakanin gwamnati da kamfani. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 hanyar Kwatano ta rufe, yuraniyom ɗin mahaƙar SOMAÏR ya taru a Arlit, kamfanin Orano na Faransa ya sanar da dakatar da aiki a ƙarshen 2024, a Yunin 2025 kuma gwamnati ta ce ta mayar da mahaƙar hannunta. Siyasar ta bambanta da ta Kwango, amma wajen lissafi abu ɗaya ne: tulin da ke cikin iyakar ƙasa jingina ce a hannun mai iyakar, kuma ƙaruwarsa na ƙara wa gwamnati ƙarfin ciniki.

Haɗarin da ya fi daɗewa yana can wajen masu saye. Mai haɗa batir da aka hana shi kaya wata takwas ba zai manta ba. Batirin LFP, na baƙin ƙarfe da fosfet, ba ya buƙatar kobalt ko kaɗan, kuma shi ne ya mamaye motocin lantarki na cikin Sin. A batiran da ke amfani da shi ma an daɗe ana rage rabonsa, daga kashi ɗaya cikin uku na ƙarafan a tsohon haɗi zuwa kashi ɗaya cikin goma a haɗin da ake kira 811. Indonesiya, inda kobalt ke fitowa a matsayin ɗan rakiyar nikel, ta zama ta biyu a duniya, kuma duk dala ɗaya da farashi ya ƙaru tana shiga aljihun masana'antunta ba tare da kaso ko takardar fita daga Kinshasa ba. Abin da ya rage wa kobalt da ƙarfi shi ne batiran waya da kwamfuta, da ƙarafan injin jirgin sama, inda canji ke da wuya. Sauya haɗin batir yana cin shekara biyu ko uku, amma in an sauya ba a cika komawa ba.

Ga kuma tulin kansa. In kamfanoni suka ci gaba da haƙo kusan ninki biyu na abin da aka yarda ya fita, kowace shekara dubban tan goma-goma na ƙaruwa a harabobin Lualaba da Haut-Katanga. ARECOMS ta riƙe wa kanta ikon sauya adadin kason idan ta ga kasuwa ta canza. In ta ƙara matsewa, masu saye su ƙara gudu. In ta sassauta da yawa, ko baitulmali ya matsu da kuɗi aka buɗe ƙofa, kowa zai yi lodi lokaci ɗaya, abin da ya faru da kayan Tenke a 2023 ya maimaitu, wannan karon da kayan ƙasa guda. Mai ƙiyasta darajar kamfani da ya ninka buhunan sito da farashin yau ya yi kuskure biyu: ya ɗauka za su fita bana, ya kuma ɗauka farashin zai tsaya yana jiransu. Lissafin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a raba tulin da kason shekara a ga shekara nawa zai ɗauka, a rage darajar kowace shekara da kuɗin ruwa, a cire harajin kashi 10 da kuɗin mota da na sake ɗura buhu, sannan a gwada sakamakon da farashi biyu, na dala 50,000 da na dala 22,000.